Tsinin Wuƙa da Ƙurar Hunturu

A watan Disamba, hazo ya rufe Rano, wani malamin Islamiyya daga Kibiya ya kawo mini riguna 60 na walimar saukar Alƙur'ani. Yana so in buga sunan makaranta da Larabci a ƙirji, sunan ɗalibi a baya. Muka yi da shi ranar Juma'a zai aiko a karɓa.

Na'urar yankan sitikata mai faɗin inci 24 ce, a Sabon Gari na sayo ta. A kwamfuta ake zane, da CorelDRAW, a juya rubutun kamar a madubi tunda ta bayan ledar ake yanka, sannan a manna wa riga da injin zafi. Wuƙarta ba ta kai kan ashana kauri ba. Tana zaune ne a cikin mariƙi, tana juyawa da kanta duk inda layi ya karkata. Tsininta kuwa kaurin ledar kawai ake so ya leƙo, har sai ka shafa da yatsa za ka ji shi.

Ranar Laraba wuƙar ta fara tsallake wurare. Ɗigon haruffa na tashi tare da shara, kusurwoyi na yagewa. Na san maganin: a cire mariƙin, a zare wuƙar, a fitar da ƙura da ɓurɓushin leda da suka hana ta juyawa. Minti biyar ne. Amma idona na kan Juma'a. Sai na murɗa mariƙin na ƙara fito da tsinin, na ƙara ƙarfin dannawa. Ɗan gwajin nan da na'urar ke yi a gefen leda ma ban tsaya yi ba. Na tura aikin gaba ɗaya, na tafi sallar Magariba.

Da na dawo, wuƙar ta ratsa ledar har bayanta, ta tsaga farin zirin robar da take sauka a kai, tsinin ya karye. Ledar da na sayo domin aikin ta zama tsumma.

Abin da ya fi damuna har yau ba ledar ba ce. Yaron shagona na rufe da faɗa a gaban maƙwabta, na ce shi ya taɓa saitin. Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Maigida, tun jiya na ce mu wanke mariƙin." Kuma ya faɗa ɗin. Ni ne na ce masa ba lokaci.

Washegari da asuba na bi ta Bunkure zuwa Kano, na sayo leda da robar da wuƙaƙe masu kusurwar digiri 45. Ribar aikin ta tafi a nan. Na kira malamin na ce, "Allah gafarta Malam, laifina ne, a yi mini haƙuri zuwa Asabar." Ya yi shiru kaɗan, ya ce walimar Lahadi ce, Allah ya kiyaye gaba.

Yaron kuma a gaban mutanen da suka ji faɗan na ba shi haƙuri. Yanzu wanke mariƙi da yankan gwaji aikinsa ne kowace safiya, kuma shi ke lulluɓe na'urar da zane in za mu rufe shago. In ya ce wuƙa ta dakushe, canja ta nake yi.