Tsakin Shinkafa a Birnin Ho Chi Minh

Bahaushen da fatauci ya kai Biyetnam, kafin yare ya dame shi, ciki ne ke fara kama shi. Duk lungun da ka leƙa a birnin Ho Chi Minh, wanda mutanensa har gobe Saigon suke ce masa, hayaƙin gashi ne ke tashi, kuma yawancinsa alade ne. Ni da maigidana harkar kashu ce ta kai mu, don ƙasar ita ce kan gaba a duniya wajen ɓare shi, ɗanyen kuwa da yawansa daga Afirka ake loda mata, har da namu na Najeriya. Shayi da burodi muka yi ta ɗura wa cikinmu, har ranar Juma'a da muka je masallacin titin Dong Du, wanda Musulmin Indiya suka gina a 1935. A nan wani dattijo ya kwatanta mana titin Nguyen An Ninh, gefen kasuwar Ben Thanh, inda gidajen abincin halal suke jere.

Wanda muka shiga na wata baiwar Allah ce 'yar ƙabilar Cham, Musulman ƙasar na asali, da lulluɓinta tsaf. Alhaji, maigidan nawa, ya ce a ba shi pho. Romon ƙashin saniya ne da ya sha wuta awanni, da gasasshiyar citta da albasa da kirfa, an zuba shi a kan taliyar shinkafa da yankan nama fale-fale, ga ɗoɗɗoya da lemon tsami da ɗanyen barkono a gefe. Ya ɗan gwada tsinkayen nan biyu da suke ci da su, ya ajiye ya ce, "Kai, nemo mini cokali, ban zo nan koyon saƙa ba." Akwai kuma ruwan kifin nan nasu, nuoc mam, na ƙananan kifaye da ake cakuɗawa da gishiri a bar su a gangar katako wajen shekara guda. Warinsa bai tsorata ni ba, wanda ya tashi kusa da tukunyar daddawa ba ya raina hancin wani.

Ni hoton shinkafa da gasasshiyar kaza na nuna a takarda. Da farantin ya iso sai na yi shiru. Tsaki ne. Karyayyar shinkafa ce, ƙwayoyin nan ƙanana da injin casa ke farfasawa, an dafa ta warwar, an yaryaɗa mata mai da ganyen albasa, an ɗora soyayyen ƙwai da kokwamba da karas mai tsami. Com tam suke kiranta, kuma ita ce abincin da Saigon ke tinƙaho da shi. A teburin kusa da mu wasu masu kwat da wayoyi masu tsada ita suke ci, hankali kwance.

A Tudun Wadan Dankadai na tashi, kuma gumi ce sana'ar Innarmu. Ta sayo shanshera a kasuwa, ta jiƙa ta kwana, da asuba ta turara a rabin duro, mu yara mu shanya mu yi ta korar kaji da awaki. In ta bushe a kai inji, a dawo a sheƙe ɓuntu, a rairaye. Mai tsawon ƙwaya, wadda ido ke so, ta masu saye ce, ita ake aunawa 'yan sari su wuce da ita Kano. Abin da ya zubo ƙarƙashin rariya shi ne namu. Da shi ake mana tuwo, da shi ake dambu, ranar da gida ya yi ƙunci kuma a dafa shi haka nan da manja da yaji. Dam ɗin Tiga da aka gina zamanin Audu Baƙo ya sa yankinmu ya zama gidan shinkafa rani da damina, amma 'ya'yan masu gumi da yawa ba su san ɗanɗanon ta farkon awo ba sai ranar Sallah.

Kunyar tsakin nan na yi ta ji shekara da shekaru. A makarantar kwana in ana hirar gida, cewa nake mu 'yar gwamnati muke ci. Wani hutu abokina ɗan birni ya ce zai biyo ni garinmu, tun daga Kwanar Ɗangora gabana ke faɗuwa. Muna isa na ja Inna bayan ɗaki na ce don Allah kada ta ba baƙona tsaki. Ba ta ce mini uffan ba. Ta kwance bakin buhun sayarwa, ta ɗebi kwano guda ta ɗora. Na san ribarta ta ranar kasuwa ba ta wuce kwanon nan ba, na sani sarai a lokacin, na kuma zauna na ci har da neman ƙari.

Su ma Biyetnam talauci ne ya koya musu com tam. Manoman bakin kogin Mekong ne ke sayar da mai kyau su ci karyayya, sannan ta biyo lebura zuwa birni. Bayan yaƙi ya ƙare a 1975 ƙasar ta yi fama da ƙarancin abinci, sai da aka sauya tsarin tattalin arziki a 1986, aka bar manomi da gonarsa da amfaninsa, sannan a 1989 suka fara fitar da shinkafa waje da yawa. Yau suna sahun Indiya da Tailan a kasuwar duniya, amma ba su yar da abincin wahalarsu ba, ado suka yi masa suka sa masa farashi. Haka Senegal, karyayyar da Turawan Faransa suka riƙa kai musu daga wancan yankin ita ce asalin dafa-dukarsu da kifi da suke cika baki da ita. Mu kuwa wadda aka goge ta yi fari fes, aka ɗinke a buhu mai rubutun waje, ita muke kai wa surukai.

Alhaji ya ga na daɗe ban kai loma ba ya ce, "Lafiya? Ko akwai abin da ba ka yarda da shi ba?" Na ce lafiya lau, ranka ya daɗe. Na cinye tas. Ta yi daɗi ƙwarai, sai dai tasu ba ta sha gumi ba, ba ta da ƙamshin nan na turare da hayaƙin ƙirare da tamu ke da shi.

Da daddare na kira Inna, a gida la'asar ce. Zancen kwanon nan ya zo mini har baki na haɗiye, na ce mata dai yau tsaki na ci a gidan abinci mai na'urar sanyaya ɗaki. Ta ce, "Tsaki dai irin namu? Har kuɗi ka biya, ɗan nan?" Na ce har kuɗi. Ta yi ta dariya tana kiran ƙanwata ta zo ta ji, sannan ta ce in tambayi matar nawa suke sayen buhu, don akwai biyu a ɗaki.