Kafin a rufe lissafin shekara: kwana nawa yaranku suka yi a gidan kakanninsu?

Duk ƙarshen shekara shafukan Facebook da Instagram da WhatsApp sukan cika da hotunan iyalai suna waiwayar abin da Allah ya nufe su da yi. Wannan ya kai iyalinsa Umara cikin azumi, wancan sun je Dubai ko Alƙahira, ga yarinya ta yi sauka, ga yaro ya gama jami'a, ga biki, ga suna. Duk abin godiya ne, kuma babu laifi mutum ya bayyana farin cikinsa. Sai dai akwai tambayar da nake ganin ya kamata maigida da uwargida su yi wa junansu kafin su rufe lissafin: cikin watanni 12 ɗin nan, sau nawa 'ya'yanmu suka kwana a gidan kakanninsu, ko gidan baffa, ko na gwaggo, ko na kawu? Ra'ayina shi ne, bayan tafiyar da ta zama farilla ko ta neman lafiya, tafiyar gida ita ce ta cancanci a fara ware mata kuɗi da lokaci. A je da yara, a kwana, kuma a je ana lafiya, tun kafin rasuwa ta kira mutane.

Wanda ya duba yadda Bahaushe ya tsara rayuwar yaro zai ga kusan kowane mataki an ɗaura masa tafiya. Mace ta yi haihuwar fari, ta koma gidan iyayenta wankan jego. Ta yi arba'in, ta ɗauki jariri yawon arba'in, gida gida, ana sa masa albarka ana ba shi kyauta. Lokacin yaye ya yi, a kai shi wurin kaka ya yi kwanaki. Sallah ta zo, a yi masa ɗinki a tura shi yawon barka da Sallah wurin dangin uwa da na uba. Kafin ya kai shekara goma ya san wace ce gwaggo wace ce inna, ya san taubashin da za su ja juna kan kuɗin shara a watan Cika-ciki, ya saba da kakar da ke kiransa maigidanta tana tsokanarsa cewa bai kawo cefane ba. Babu wanda ya zaunar da shi ya karanta masa waɗannan dangantakoki, da zuwa da zama ya koye su. Da magabata suka ce zumunta a ƙafa take, wannan tsarin suke nufi.

Yanzu aiki da karatu da kasuwa sun watsa gidaje. Ɗan Daura yana Abuja, ɗan Gumel yana Legas, ɗan Maraɗi yana Yamai, wani yana Fatakwal, wani yana Kumasi. Hutun Sallah da gwamnati kan bayar a Najeriya yawanci kwana biyu ne, kuma mai nisa kan hanya yake ƙarar da ɗaya. Sai ya zama maigida ne kaɗai ke leƙawa, ya gaida tsofaffi ya juyo, yaran kuwa sun san kakarsu a matsayin muryar da ake miƙa musu a waya su ce ina kwana. Illar wannan ba ta bayyana nan da nan. Tana bayyana ranar da yarinya ta isa aure, aka ce masu nema su je wurin baffanta, mutumin da ba ta taɓa cin abinci a gidansa ba. Tana bayyana ranar da uba ya faɗi ya mutu, marayu suka je garinsu kan maganar gida ko gona, suka tarar su baƙi ne, ba su san iyakar gonar ba, ba su san dattijon da zai tsaya musu ba, wasu ma Hausar da za su yi wa manya bayani ta gagare su. Gidaje da yawa sun wayi gari ba sa haɗuwa su cika sai a zaman makoki, wurin da babu mai natsuwar gabatar da yaro ga ɗan'uwansa.

Abu na farko da za a ce yana hana kai yara gida shi ne kuɗi, kuma magana ce ta gaskiya. Kafin 29 ga Mayu, 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin mai, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000, kuɗin mota kuma ya bi ta. Magidanci mai 'ya'ya biyar da ke fama da kuɗin haya da na makaranta, babu mai adalcin da zai zarge shi don bai kwashe su daga Legas zuwa Sakkwato ba. Amma da yawa daga cikinmu ba nan matsalar take ba. A shekarar da aka ce babu kuɗin zuwa gida, an yi anko uku ko huɗu, an kama zauren biki, an sauya waya. Abin da aka sa a gaba shi ake nemar wa kuɗi, kuma mutanen da suka iya yin adashi don kayan ɗaki za su iya yi don tafiya. Akwai kuma nauyin da mu muka ɗora wa kanmu, wato tsaraba. Mutane da dama kunyar zuwa hannu rabbana ce ke hana su tafiya, suna jiran ranar da za su iya cika bayan mota da shinkafa da atamfa, ranar kuma ba ta zuwa. A nan dattijan gida suna da aiki. Su fito fili su gaya wa 'ya'yansu na birni cewa jikokin ake son gani, kuma kada a ƙyale wani ya yi wa wanda ya zo da ɗan abin da ya sawwaƙa gori.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta tsaro, kuma ba zan raina ta ba. Mutane sun koma jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ne don gudun masu garkuwa da ke kan titi, sai ga shi ranar 28 ga Maris, 2022 an kai wa jirgin hari, an kashe wasu, an kwashi wasu zuwa daji, ciki har da mata da ƙananan yara, kuma jirgin bai dawo aiki ba sai Disamba. Akwai ƙauyuka a Zamfara da Katsina da Sakkwato da yankin Birnin Gwari da mazaunansu ma suka gudu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 a Nijar an rufe iyaka, 'yan'uwa na jini tsakanin Jibiya da Maraɗi, da tsakanin Illela da Birnin Ƙonni, suka yi watanni ba zuwa ba dawowa ta halastacciyar hanya har Maris na 2024. Babu wanda zai ce a jefa yara cikin haɗari saboda ziyara. Amma idan garin ba ya shiguwa, mutanen ake nema, kuma ana iya sauya wurin haɗuwa. A ɗauko tsofaffi su zo birni su yi wata guda tare da jikokinsu, ko a haɗu a gidan wani ɗan'uwa da ke garin da ke da kwanciyar hankali. Abin da nake tsoro shi ne uzuri ya rikiɗe ya zama ɗabi'a. An hana zirga-zirga tsakanin jihohi a 2020 saboda korona, an ɗage dokar cikin 'yan watanni, amma akwai gidajen da daga wannan shekarar al'adar kai yara gida ta yanke ba ta sake ƙulluwa ba.

Wasu za su ce ai ga waya, ga zauren dangi a WhatsApp, kullum ana gaisawa. Waya ta yi rana, da ita ake sanar da haihuwa, da ita ake haɗa gudummawar asibiti cikin awa guda. Sai dai tsohuwar Bahaushiya, ko ciwo na cin ta, amsarta a waya ɗaya ce: lafiya lau, alhamdulillahi. Sai wanda ya je ne zai ga ta rame, ya ga maganin hawan jininta ya ƙare tun makon jiya, ya ga ɗakin yana yoyo. Yaro ma ba zai koyi durƙusa wa babba ko cin tuwo a kwano ɗaya da sa'o'insa ta fuskar waya ba. Shi ya sa nake nanata kwana. Ranar farko ta gaishe-gaishe ce, yara na maƙale da uwarsu. Sai an kwana biyu ko uku suke sakin jiki su bi 'yan'uwansu gona ko kasuwa, sai a lokacin ne kaka ke buɗe baki da dare ta faɗi daga ina kakan kakansu ya taso da dalilin da ya sa ake kiran gidan da sunan da ake kiransa.

Akwai ƙorafin da mata suka fi yi, wanda maza ba su cika saurara ba. Sau da yawa abin da ake kira hutu, ga matar gida ƙarin aiki ne. Maigida yana majalisa da abokan ƙuruciya, ita tana gindin murhu daga safe har dare, ga maganganun dangin miji. Sannan a wasu gidajen duk tafiyar wajen dangin uba ake yi, nata iyayen sai dai ta leƙa su na yini ɗaya. Wannan rashin adalci ne, kuma yana cikin abin da ke sa iyaye mata su ja baya da zancen zuwa gida. Gyaransa yana hannun maigida: a raba kwanakin tsakanin gidajen biyu, a raba aikin girki, ya kuma tsaya wa matarsa idan an ci mata fuska. Saɓanin dangi kuwa, ƙauracewa ba ta taɓa warware shi ba, sai dai ta miƙa shi ga 'ya'yan da ba su san mafarinsa ba.

Ban ce kada a kai yara su ga duniya ba, tafiya mabuɗin ilimi ce. Amma mai zuwa Daura zai iya tsayawa da su a rijiyar Kusugu, mai zuwa Katsina ga hasumiyar Gobarau, mai zuwa Kano ga Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata, mai zuwa Sakkwato ga Hubbaren Shehu, mai zuwa Damagaram ga fadar Sarki, mai zuwa Bauci ga Yankari. Game da Umara kuma, malamai ba su ɓoye ba cewa maimaita ta nafila ce, sada zumunci kuwa wajibi ne. Wanda ke zuwa duk shekara alhali mahaifiyarsa ta yi shekara uku ba ta ga jikokinta ba, ya kamata ya je ya tambayi malamin da ya yarda da shi.

Don haka ina roƙon iyaye maza da mata, ku ɗauko jadawalin makarantar yara tun yanzu. Ku zaɓi mako guda a dogon hutun damina ko a hutun Disamba lokacin da amfanin gona ya shigo gida, ku fara ajiye kuɗin motar kaɗan kaɗan, sannan ku kira tsofaffin nan ku faɗa musu ranar da za ku iso da yaran, in Allah ya yarda.