Tayoyi Biyu A Jidda

Makon nan namu ne, mu mutanen bakin ruwan Yauri, kuma maganar jirgin sama muka zo da ita, ko da yake jirgin da muka fi sani na katako ne.

Ranar 11 ga Yulin 1991, da safe, wani jirgi ƙirar DC-8 ya tashi daga Jidda ɗauke da alhazai zuwa Sakkwato. Na kamfanin Nationair ne na ƙasar Kanada, Nigeria Airways ya ɗauko shi haya. Bai jima da tashi ba wuta ta kama shi, ya juyo zai sauka, ya faɗi saura kusan kilomita uku ya kai titi. Mutum 261 ne a ciki, fasinja 247 da ma'aikata 14, ba wanda ya fita. Lokacin ba a yi jihar Kebbi ba, sai ƙarshen Agustan shekarar. Yauri da Ngaski da Shanga duk ƙarƙashin Sakkwato muke, don haka makokin namu ne.

Yadda aka ba mu labarin a gida gajere ne: jirgin alhazai ya faɗi, kwana ya ƙare, Allah ya jiƙansu. Amin, ba mu ja da wannan. Sai dai masu bincike sun bi sawu, kuma sawun ya kai su ga tayoyi biyu da iskarsu ba ta kai abin da littafin gyaran jirgin ya ƙayyade ba.

Tayar jirgi ba a gane saukarta da ido, sai an sa geji. Biyu-biyu suke a jere, idan ɗaya ta yi laushi sai 'yar uwarta ta ɗauki nauyin da ba nata ba, ta yi zafi, ta fashe. Haka aka yi ranar. Jirgi na gudu a titi taya ta fashe, ta kusa da ita ta bi, ƙarfe ya riƙa gurzar ƙasa har wuta ta tashi. Matuƙan ba su san da wuta ba, don babu na'urar da za ta faɗa musu a wajen. Suka naɗe ƙafafun jirgin kamar kullum, suka shigar da garwashi cikin cikinsa, a ƙarƙashin kujerun mutane.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne an sani. Kwanaki kafin ranar an auna tayoyin, an ga iskar ta sauka. An shirya canza taya a Accra, aka fasa saboda jirgi ya makara. Har lambobin da aka rubuta a takardar dubawa an gano an sauya su. Da safiyar tafiya babban makaniki ya nemi naitirojin, iskar da ake buga wa tayar jirgi, ba a samu a kusa ba. Jami'in da ke kula da jigilar bai yarda a ƙara jinkiri ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma ko ranar ma da an jira da an fafe.

Mu da muka girma a bakin ruwa mun san irin wannan safiya. Ranar kasuwa ce, jirgi ya cika, buhuna da babura a tsakiya, ruwa saura ɗan taƙi ya taɓa baki. Yaro na kwarfe ruwa da yankakkiyar jarka tun ba a tashi ba. Mai injin ya san wane katako ne ke yoyo. Mu fasinjoji kuma (kada mu cire kanmu) mu ne masu cewa malam a tafi mana, rana na yi. A watan Mayun 2021 wani jirgi da ya taso daga jihar Neja zuwa kasuwar Wara ya dare a tsakiyar ruwa da mutum fiye da ɗari a cikinsa, kaɗan aka ceto. Ranar ma da kwana ya ƙare aka rufe zancen.

Bambancin shi ne jirgin sama yana da littafi. Da yawa muna ɗaukar littafin nan abin ɗalibai ne, gwani ya wuce shi. A ganinmu ma gwanin ya fi bukatarsa, don shi ne ya yi aikin sau ɗari har hannunsa ya daina tambaya. A Japan, a 1978, masu gyara na kamfanin Boeing sun yi wa wani jirgi faci a bangon bayansa. Inda ƙa'ida ta ce layin ƙusa biyu su riƙe, ɗaya ya riƙe. Jirgin ya yi shekara bakwai yana tashi lafiya, sai ranar 12 ga Agustan 1985 facin ya ɓalle, mutum 520 suka mutu. Littafin yana da wani amfanin kuma: shi ne abin da ƙaramin ma'aikaci zai ɗaga a gaban maigidansa ya ce ba ni na hana ba, ga lamba. Mai injin Wara ba shi da abin ɗagawa, sai bakinsa, bakin kuwa shi ke neman abinci a hannun mai jirgi.

To 'yan uwa, ga inda abin ya shafe mu. In haɗari ya shigo labarinmu, layi biyu muke ba shi: waya ta yi ƙara, Hajiya ta yanke jiki ta faɗi. Mun iya kuka a takarda. Amma mutumin da ya tsuguna gefen taya, geji a hannu, ya ga lamba, ya ɗaga kai ya ga alhazai na hawa da jarkokin zamzam, da wuya mu gan shi a littattafanmu. Me ya ce wa maigidansa? Da wace murya? Ya yi tunanin albashi ne, ko ya ce tun da ta kai mu jiya za ta kai mu yau?

Shi da jami'in da ya ƙi jira, dukansu biyu sun hau jirgin.