Wutar Magariba Daga Funtuwa Zuwa Malumfashi

In kun bi hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi ta Bakori da kaka, sai kun ratsa gonakin auduga da masara kafin ku iso. To, ku lura da garin da magariba. Kowane gida ya kunna ƙwai da fanka, nauyi ya yi wa layi yawa, wutar lantarki ta raunana. Can Ingila, a 2022 aka fara biyan magidanta in sun rage shan wuta a irin wannan lokaci. Mu nan ba a biya, amma mai mitar kati, abin da ba ta ƙona ba kuɗin cefane ne. Ku gama guga da ƙanƙarar sayarwa da rana, da dare ƙwai biyu sun isa.