Babin Ƙarshe a Ƙarƙashin Kan Babi na Takwas

'Yan'uwa marubuta, mun saba da cewa abin da muka fara rubutawa shi ke fara faruwa. Idan jarumi ya bar gida a shafi na goma, ba zai dawo daga tafiyar a shafi na tara ba sai da yardarmu. Wannan sabon ne ya kusa ba mu kunya, lokacin da mu uku daga cikin 'yan ƙungiya muka ɗaura aniyar ƙera manhajar wayar Android, wadda za a riƙa karanta ƙagaggun labaran membobi a cikinta babi-babi.

Tsarin dai ba shi da wuya a baki. Labaran suna ajiye a wata babbar kwamfuta a intanet, wato saba; mai karatu ya taɓa babi, waya ta aika a kawo shi, sa'annan ta nuna. Haka muka rubuta umarnin da harshen Kotlin, layi na bin layi. Muna gwadawa manhaja ta mutu nan take. Ashe kowace manhaja tana da babban zare guda ɗaya, shi ke zana fuskar waya sau 60 ko fiye a daƙiƙa, shi ne kuma ke sauraron yatsan mai karatu. Idan ya shagala da wani aiki har daƙiƙa 5 bai amsa taɓawa ba, Android za ta fito da sanarwa cewa manhajar ta daina amsawa. Shi ya sa tun 2011 aka hana wannan zaren zuwa aiken intanet da kansa. Mai tsaron kanti ne. Ba ya rufe kanti ya tafi Kwari sari, yaro yake aikawa.

To, muka aiki yaro. Muka ba wani zare aikin, da sharaɗin ya kira mu idan ya dawo. Amma hannun marubuci bai bar halinsa ba: layin da ke nuna babi muka ajiye shi kai tsaye a ƙarƙashin layin aike, sai ya yi aikinsa tun kafin amsa ta iso. Kwana biyu muna kallon farin shafi muna zargin saba, alhali kuwa mu ne muka zuba tuwo tun ɗan aike bai kai gidan niƙa ba.

Daga baya muka koma ga dabarar korutin, wadda ta kankama a Kotlin a 2018. Da ita umarni ke karantuwa daga sama zuwa ƙasa kamar labari, in an zo wurin jira aikin ya dakata, babban zare ya ci gaba da hidimarsa, amsa na zuwa a ɗora daga inda aka tsaya. Ba ta ƙara wa intanet sauri ko kaɗan, ta dai hana jiran ɗaure kowa. Muka yi murna, muka raba manhajar ga mutum goma sha biyu su gwada.

Sai ga kira daga wata 'yar'uwa a Gusau, ranta a ɓace. Ta ce wane irin marubuci ne zai kashe amarya a babi na takwas, alhali ko lefe ba a kai ba? Mai labarin yana cikinmu, ya rantse amaryarsa ba ta mutu ba sai a babi na ashirin. Da muka bi diddigi, ga abin da ya faru: yatsanta ya zame ya taɓa babi na ashirin, ta yi maza ta koma ta taɓa na takwas. Aike biyu ke nan a hanya. Na takwas ya riga dawowa ta fara karatu, na ashirin ya iso a makare saboda raunin sabis, ya zauna a kan shafin, kan babin kuwa bai canza ba. Waɗanda suka yi zamanin aika rubutu ta gidan waya sun san irin wannan, wasiƙar Laraba ta riga ta Litinin isa hannun edita. Bambancin shi ne edita yakan duba kwanan wata, manhajarmu kuwa duk wanda ya shigo ƙarshe shi take ba kujera.

Gyaran layi uku ne kacal: kafin a tura sabon aike, a soke na baya. Amma ɗanɗanon labarin ya riga ya zube, domin wata shida ɗan'uwanmu ya yi yana ɓoye wannan mutuwa, kuma 'yar'uwar ta ce ba za ta iya komawa ta karanta zancen lefe da zuciya ɗaya ba.

Abin da ya rage muna gardama a kai shi ne tsawon jiran. Ɗayanmu ya ce bayan daƙiƙa 10 a gaya wa mai karatu babi bai samu ba. Wanda iyayensa ke ƙauye ya ce a can daƙiƙa 10 ko gaisuwa ba ta isa ba. Mun tsaya a kan 30, da maɓallin sake gwadawa. Kalmomin da za su bayyana a lokacin jira kuwa, an kawo "A ɗan dakata", an kawo "Ga ta nan, ga ta nanku", kuma za a kaɗa ƙuri'a a kansu a taron wata mai zuwa.