Ƙurar Filin Taro da Yaran da Ke Zaune a Ƙasa

Ƙura iri biyu ce a nan Droum. Akwai wadda iskar hunturu ke kwaso mana daga arewa maso gabas, mafi yawanta daga Bodele a ƙasar Cadi, inda tsohon tabki ya ƙafe. Wannan sai dai mu ja rawani mu yi haƙuri. Akwai kuma wadda muke tayarwa da ƙafafunmu da tsintsiya da babura duk ranar da muka tara jama'a, kuma a kanta nake son mu yi magana, malamai 'yan'uwana da ku iyaye.

Manyan tarukanmu yawanci a lokacin sanyi suke faɗowa. Bikin 18 ga Disamba da aka yi wa laƙabi da Zinder Sabuwa a 2018 tsakiyar hunturu aka yi shi, haka ma gasar kokowa ta takobi. Wanda ya taɓa shiga filin Langa-Langa ya san yadda hanci ke komawa bayan an tashi. To amma babba ne ya kai kansa. Taron makaranta kuwa, ko na iyaye ne ko na nuna ayyukan hannun ɗalibai, mu ke kawo yara mu jera su.

Ku lura da tsarin zamanmu. Manyan baƙi a kan kujeru cikin rumfa, yara a ƙasa, a gaba, dab da inda ake kai da kawowa. Hancin ɗan shekara bakwai da ke zaune bai fi kamu ɗaya da rabi daga ƙasa ba. Kafin nan kuma su ɗin ne muka sa suka share filin da busasshiyar tsintsiya da sassafe. Shara ba ruwa ba ta kawar da ƙura, ɗaga ta kawai take yi ta zuba a kan littattafan da muka baje. Shekara ashirin ina koyarwa, kuma duk washegarin taro nakan san masu ciwon fuka a ajina ba sai na kira suna ba, wurin zamansu ne babu kowa.

Akwai abin da ya fi tari. Daga ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023 sanƙarau ya ɓulla a jihar Damagaram, har da yankinmu na Mirya. Ƙwayar cuta ce ke kawo shi, kuma rigakafi ne babban maganinsa, amma busasshiyar iska da ƙura suna ƙuje maƙogwaro su buɗe mata hanya, cunkoso kuma ya yaɗa ta.

Gyaran ba ya bukatar kuɗi mai yawa. A yayyafa ruwa tun da yamma, a ƙara da asuba, sannan a yi shara. Ruwan da aka watsa ana gab da farawa rana ce ke shanye shi kafin a gama jawabin farko. A kafa zana ta gefen da iska ke shigowa, a shimfiɗa wa yara tabarmi, babura su tsaya can bayan darni, a yamma da filin.

Na san abin da za a ce: ruwan sha ma da ƙyar, ina na zubar wa ƙasa? Gaskiya ne, ba a yi wa ɗan Damagaram wa'azin darajar ruwa. Amma ba duk filin za a jiƙa ba, wurin zaman yara da hanyar wucewa kawai, kuma ruwan ɗauraya ma ya wadatar. Idan kowane gida ya aiko da abin da ya rage na wanki a daren taro, an gama. Wannan shawarar zan kai gaban kwamitin iyaye a zamanmu mai zuwa, tare da roƙon a matsar da taron nuna ayyukan yara zuwa hantsi, a tashi kafin azahar.