Paul Talalay da Zamanin da Ake Raina Rigakafin Ciwon Daji

A watan Disambar 1971 shugaban Amurka Richard Nixon ya sa hannu a kan dokar yaƙi da ciwon daji, kuɗi suka fara kwarara zuwa ɗakunan bincike. Sai dai kusan duk hankali a wuri guda yake, wato yadda za a kashe ƙari bayan ya riga ya fito: a yanke shi, ko a ƙona shi da na'ura, ko a bi shi da magungunan nan masu ƙarfi da kan zubar da gashin kai. Kowa na faɗin rigakafi ya fi magani, amma kuɗin bincike da suna, magani suke bi. Masanin da ya ce shi kwanon abinci zai leƙa, kallon wanda ya rasa abin yi ake masa.

Paul Talalay kuwa ba ƙaramin masani ba ne da za a ce rashin aiki ya kai shi can. An haife shi a birnin Berlin a 1923, iyayensa Yahudawa ne 'yan asalin Rasha. Da Hitila ya hau mulki a 1933 suka tsere, suka zauna Ingila, a 1940 suka ƙarasa Amurka. Ya gama karatun likita a Yale a 1948, ya yi aiki a Chicago ƙarƙashin Charles Huggins, wanda daga baya ya sami kyautar Nobel kan ciwon dajin mafitsarar maza. A 1963 aka ba shi shugabancin sashen ilimin magunguna a Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore. Yana kan ganiyarsa, wajen ƙarshen shekarun 1970, ya juya akalarsa baki ɗaya zuwa rigakafi.

Ba shi ya fara share hanyar ba, kuma adalci ne a faɗa. Lee Wattenberg na Jami'ar Minnesota ya riga ya nuna cewa ɓerayen da aka ciyar da kabeji da danginsa ba sa saurin kamuwa idan aka ba su guba mai haddasa ciwon. Abin da ya rage shi ne dalili. Talalay ya bi diddigi har ya tsaya a kan wasu sinadarai da ƙwayoyin jikinmu, musamman na hanta, ke sarrafawa da kansu. Aikinsu kamar na masu sharar gida ne: su damƙe guba kafin ta taɓa ƙwayar halitta, su naɗe ta, ta fita ta fitsari ko bayan gida. Tambayarsa ita ce, wane abinci ne ke sa jiki ya ƙara yawansu?

A nan ne, a ganina, girman aikin yake. Shi da ɗalibinsa Hans Prochaska sun ƙirƙiro ma'auni mai sauƙi. Ana raya ƙwayoyin hantar ɓera a ɗan faranti mai ƙananan ramuka 96, a ɗiga musu ruwan da aka tato daga ganye, bayan ɗan lokaci a zuba wani rini. Gwargwadon yadda ramin ya yi shuɗi, gwargwadon yadda ganyen ya tayar da masu sharar nan. Maganar "ku ci ganye yana da amfani", wadda kowace uwa a duniya ta sani, ta zama abin da ake aunawa a rubuta da lamba. Da wannan suka bi kayan lambu ɗaya bayan ɗaya, har a 1992 shi da Yuesheng Zhang da Gary Posner suka sanar cewa sinadarin salforafen, wanda ke cikin burokoli, ɗan uwan kabeji, shi ne mafi ƙarfi a ciki. Labarin ya hau shafin farko na jaridar New York Times, shekara biyu kacal bayan shugaba George Bush babba ya fito fili ya ce shi dai ya gama cin burokoli.

A 1994 suka nuna sinadarin yana rage ƙarin nono a jikin ɓeraye. A 1997, tare da Jed Fahey, suka gano tsiron irin burokoli mai kwana uku ya ninka babban ganyen sau gommai wajen ƙunsar tushen sinadarin. Shukar ba ta ajiye shi a shirye. Sai an tauna ko an yayyanka, abubuwa biyu da ke rabe a cikinta su haɗu, sannan ya samu. Dahuwa mai tsawo kuwa tana kashe ɗaya daga cikinsu.

To, daga nan kasuwa ta riga ilimi gudu. Kwalabe suka cika kantuna, kowa da nasa alƙawari, alhali a daidai lokacin an sha darasi mai ɗaci. A 1994 wani gwaji a Finland, kan maza masu shan taba fiye da 29,000, ya nuna waɗanda aka ba ƙwayar beta-karotin, sinadarin da ke cikin karas, sun fi sauran kamuwa da ciwon dajin huhu da kashi 18 cikin 100. Abin da ya yi kyau a faranti ko a jikin ɓera ba lallai ya yi kyau a jikin ɗan Adam ba.

Shi ya sa nake ganin ƙimar aikin da abokinsa Thomas Kensler ya jagoranta a Qidong ta ƙasar Sin, yankin da ciwon dajin hanta ya yi ƙamari saboda cutar hanta nau'in B da gubar aflatoksin ta rumfun masara. Sun shayar da mutane ruwan tsiron burokoli, suna auna fitsarinsu. A sakamakon 2014, kan mutum 291 cikin mako 12, fitar gubar benzin, wadda ake shaƙa a gurɓatacciyar iska, ta ƙaru da kashi 61 cikin 100. Wannan hujja ce cewa jiki na fitar da guba da sauri. Ba hujja ba ce cewa an hana ciwon, kuma su kansu ba su ce haka ba. Har Talalay ya rasu a watan Maris na 2019 yana da shekara 95, babu wani babban gwaji da ya tabbatar salforafen na hana ciwon daji a jikin mutane.

Maganar ta shafe mu kai tsaye. Aflatoksin ɗin da ya addabi Qidong shi ne ke kama gyaɗa da masararmu idan aka adana su da danshi. Zogale kuma, wanda muke kwaɗantawa da ƙuli-ƙuli, dangin kabeji ne na nesa, yana da sinadari mai kama da salforafen, kuma Fahey ya daɗe yana nazarinsa. Ga shi a yau ana tallar garinsa da lasifika a tasha da kasuwa a matsayin maganin daji, ba awo ba gwaji, mace mai ƙari a nono ta yi ta sha har ciwon ya ci ƙarfinta. Jami'o'inmu su auna zogale yadda aka auna burokoli, su gaya mana abin da suka gani. Kafin nan, a ci shi a matsayin abinci, a busar da gyaɗa sosai kafin a zuba a buhu, a yi wa jarirai allurar rigakafin cutar hanta, wanda ya ji ƙari a jikinsa kuma ya nufi asibiti tun yana ƙarami.